Bayan Likita Ya Ce a Koma Gida



Shugaban taro, malamaina, iyayena maza da mata, ma'aikatan lafiya da nake hangowa can ta baya, 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Da takardar gayyata ta iso ni na ga abin da ake so in yi magana a kai, sai da na yi jim. Mu ba ma sakaya sunan mutuwa, ko yaro ya san rigar kowa ce. Amma ka ce gwamnati ta zauna ta yi tsari a kan kwanakin ƙarshe na majinyaci, da halin da iyalinsa za su shiga bayan ya cika, wani zai ce an shiga hurumin da ba nata ba. Ajali na Allah ne, jinya ta dangi ce, ta'aziyya ta unguwa ce. To ina ruwan ma'aikatar lafiya?

Ku yi mini haƙuri in fara daga gidanmu.

Gwaggona ta yi fama da sankarar mama. Kamar yadda aka saba, ba a kai ta asibiti ba sai da abin ya ci jiki. Ta yi kusan mako uku a kwance a wani babban asibiti, rannan likita ya kira babban ɗanta gefe ya ce masa: "Ku koma da ita gida, a ci gaba da addu'a." Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san fassarar wannan magana. Aka ba mu takardar sallama da farasitamol, muka ɗauko ta.

Ta yi kusan wata biyu a ɗakinta. Ba zan ce an yasar da ita ba, Allah ya gani. Matan unguwa sun raba dare a tsakaninsu, kunu bai yanke ba, limamin masallacinmu kullum sai ya leƙo bayan la'asar. Amma ciwon ya fashe, yana zubar da ruwa yana wari, 'yarta ta riƙa yaga tsofaffin zannuwa tana ɗaure shi, ana zuba turaren wuta a kasko don masu dubiya su iya zama. Da dare kuwa, in zafin ya taso, sai ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije don kada jikoki su ji. Wani mai kemis yakan zo ya yi mata allura, ta yi barcin awa biyu, ta farka inda ta tsaya. Har rai ya yi halinsa ba mu san sunan allurar ba.

Bayan shekaru na ba wata ma'aikaciyar jinya wannan labari, sai ta girgiza kai ta ce da an daka ƙwayar Flagyl an barbaɗa a kan gyambon, da warin ya ragu ƙwarai cikin 'yan kwanaki. Flagyl fa, da ke kowane kemis. Zafin kuma akwai maganinsa, an san shi tun kafin a haife mu, ba shi da tsada, sunansa mofin. Gwaggona ba ta rasa masoya ba. Kwalbar magani ta rasa, da mutum ɗaya mai sani da zai zo ya nuna wa 'yarta yadda ake wanke ciwo da juya majinyaci. Waɗannan biyun kuwa dangi ba su iya samar da su, komai yawansu da ƙaunarsu, domin doka ce ta riƙe maganin, makarantar gwamnati ce ke horar da mai sanin. Ranar da likita ya ce a koma gida, a ranar hannun hukuma ke janyewa gaba ɗaya. Ni a ganina a ranar ce ya kamata wani sashe na aikinta ya fara.

Wannan fanni na kiwon lafiya, wato sauƙaƙa wa wanda ciwonsa ba ya warkewa, ba tsohon abu ba ne a asibitocin zamani. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan jinya na St Christopher a kudancin Landan a 1967. Darasinta mai sauƙi ne: kada a jira sai majinyaci ya yi kuka sannan a ba shi magani, a ba shi a kan lokaci, bi da bi, kafin zafin ya dawo. Ta kuma lura cewa zafin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba, akwai tsoro, akwai tunanin bashi da 'ya'ya, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin cewa irin wannan kulawa ɓangare ce ta aikin kowace gwamnati. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatarta a kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin ɗari na mofin da dangoginsa da ake rabawa don magani. A wannan rabin muke.

Ba zan tsaya a kan Ingila ba tukuna, don wani zai ce ai su masu kuɗi ne. Mu je Yuganda.

A 1993, lokacin da ƙanjamau ke ta ɗiban mutane a can, wata likita 'yar birnin Libaful, Dakta Anne Merriman, ta isa Kampala. Ba baƙuwar Afirka ba ce, a ƙuruciyarta ta yi shekaru tana aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya. Ta zo da wata dabara da ta fara gwadawa a Singafo sannan ta kai Nairobi: a shigo da garin mofin, a jiƙa shi da ruwa da ɗan sinadarin hana lalacewa, a zuba a kwalba, majinyaci ya riƙa sha ta baki. Babu allura, babu ƙarin ruwa, babu gadon asibiti. Ministan lafiya na lokacin, Dakta James Makumbi, ya amince a shigo da garin, ita kuma ta kafa Hospice Africa Uganda. Da farko a wurin wanke-wanke na kicin ake haɗa maganin, a ɗura a robobin ruwa da aka wanke. Aka sa masa launi don wanda bai iya karatu ba ya bambance: kore shi ne mai sauƙi, ja-ja shi ne mai ƙarfi.

Har nan labarin mace ɗaya mai himma ne, kuma irin waɗannan muna da su a ko'ina. Abin da ya bambanta Yuganda shi ne gwamnati ta karɓi abin. Ta sa wannan kulawa cikin tsarin lafiya na ƙasa a matsayin aikin dole, ta ce maganin kyauta ne ga majinyaci. Sai aka ci karo da cikas: doka ta ce likita ne kawai ke rubuta mofin, likitoci kuwa suna birni, masu ciwo suna ƙauye. A 2004 sai aka gyara dokar, aka ba ma'aikatan jinya da mataimakan likita da suka yi horo na musamman na wata tara izinin rubuta shi. Daga baya gwamnati ta ɗauki nauyin a haɗa maganin a wuri ɗaya, a raba shi ta rumbun magunguna na ƙasa. Ku lura da abin da gwamnatin ta kashe ƙarfinta a kai. Ba ta gina katafaren asibitin masu gargara ba. Ta buɗe wa magani hanya, ta sake layi ɗaya a doka, ta biya kuɗin garin. Ba na cewa sun gama, har yau mafi yawan masu bukata a Yuganda ba sa samu, kuma wanda ke nesa da gari yana shan wuya. Amma tsohuwa a ƙauyen can tana iya samun barci a kwanakinta na ƙarshe. Dakta Merriman ta rasu a Kampala a 2025.

Na ga wasu iyayenmu sun fara gyara zama, kuma na san abin da ke ransu: tramol da kodin. Mun ga abin da suka yi wa samarinmu da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma ku ji abin da ya faru da Indiya. Ƙasa ce da ke noman furen da ake samun mofin daga gare shi bisa izini, har tana sayar wa duniya. A 1985 ta kafa tsattsaurar dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da lasisi iri-iri da hukunci mai tsanani a kan ɗan kuskuren lissafi. Asibitoci da masu sayar da magani suka ga ba za su iya ba, suka daina ajiye mofin. Amfani da shi don magani ya faɗi warwas, masu sankara suka riƙa mutuwa cikin azaba a ƙasar da ke noma maganin, mashaya kuwa ba su rasa abin sha ba, don dama ba a asibiti suke samu ba. Sai a 2014 aka gyara dokar. Kwalin tramol da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya daban, kwalbar da ma'aikaciyar jinya ta sa wa hannu ta rubuta a rajista da sunan majinyaci daban. Hukumar da ba ta iya raba waɗannan biyun ba, majinyaci take hukuntawa.

A Indiyar dai akwai jihar Kerala, kuma ita ce ta fi kama da mu. Likitoci irin su Dakta M. R. Rajagopal da Dakta Suresh Kumar sun fara da ƙaramin asibitin rage raɗaɗi a Kalikat a 1993, sai suka gane cewa wanda ke kwance ba ya iya zuwa wurinsu. Suka juya ga unguwanni: malaman makaranta, 'yan kasuwa, ɗalibai, matan gida, aka ba su ɗan horo su riƙa gano masu kwanciya a maƙwabtansu, su ziyarce su, su tara ɗan abin da ya samu. Abin ya fi kafuwa a gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa. A 2008 gwamnatin jihar ta fitar da manufa a rubuce, ta farko a Indiya, ƙananan hukumomi suka riƙa ɗaukar ma'aikaciyar jinya da ke bi gida-gida. Masu dubiya irin waɗannan mu ba sai an nemo mana su ba. Muna da kwamitocin masallaci, da 'yan agaji, da ƙungiyoyin mata na Islamiyya da na majami'u, da masu unguwanni da suka san kowane gida mai majinyaci. Ma'aikaciyar jinyar da jakar maganinta ne babu.

Yanzu in koma Ingila, don kuskurensu ya fi nasararsu amfani gare mu. A 2008 ma'aikatar lafiyarsu ta fitar da tsarin ƙasa na kula da masu ƙarshen rai, kuma cikin abin da ta ƙarfafa akwai wata takardar jagora da aka ƙirƙiro a Libaful don kwanakin ƙarshe na majinyaci. Niyya mai kyau ce: a kwaso ƙwarewar gidajen jinya a kai manyan asibitoci. Amma da aka baza ta ko'ina ba tare da isasshen horo ba, har ana haɗa ta da kuɗin da ake ba asibiti, sai ta koma fam ɗin cikewa. Iyalai suka fito suna cewa an sa iyayensu a tsarin ba a gaya musu ba, wasu an hana su ruwan sha. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Julia Neuberger, ya ba da rahoto a watan Yulin 2013, aka soke takardar. Ku duba fa, ƙasa mai likitoci da magunguna, amma abin da ya kayar da su shi ne rashin zama da dangi a yi magana.

Nan mu ma muke da rauni, ta wata fuskar. Likita yana jin nauyin faɗa, dangi suna cewa kada a gaya mata kar hankalinta ya tashi, majinyaciya kuwa ta riga ta sani, jiki magayi ne, sai kowa ya yi ta ɓoye wa kowa. A tsakanin nan ake sayar da gona a tafi Masar ko Indiya neman abin da ba ya nan, mutum ya cika a ƙasar da ba mai laƙƙana masa kalmar shahada, a bar marayu da bashi. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita, gaskiyar da likita ya faɗa da wuri cikin lalama dukiyar marayu ce ya tsare. Mutumin da ya san halin da yake ciki yana biyan bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. Malamanmu sun fi ni sanin nauyin waɗannan. Faɗar irin wannan magana kuwa koyonta ake yi, ba wanda aka haifa da ita, kuma makarantun likita da na jinya a hannun gwamnati suke.

Ba wai ba a fara komai a Najeriya ba. A asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun daɗe a kan wannan aiki, har aka buɗe sashe na musamman a 2007. A 2021 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan irin wannan kulawa. Takarda dai akwai. Amma takarda a Abuja ba ta juya majinyaci a Gwarzo ko Illela. Asibitin sha-ka-tafi da malamin asibitin da ke cikinsa a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke, kuma in babu layi a kasafin kuɗin jiha, manufar ta zama ado.

Saura ɓangare na biyu, bayan an dawo daga maƙabarta.

A nan dole in yaba mana. Turawa suna horar da masu ba da shawara ga wanda aka yi wa rasuwa domin da yawansu su kaɗai suke kwana da baƙin cikinsu. Mu kuwa kafin a gama wanka an kawo likkafani, makara tana masallaci, samari sun tafi haƙa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun ɗora tukunya. Kwana uku gidan ba ya rabuwa da mutane. Gwamnati ba ta da abin da za ta koya mana a nan, kuma ina roƙonta kada ta gwada. Sai dai ku tambayi kowace mace da ta yi takaba, za ta ce muku wahalar tana farawa ne ranar da aka naɗe tabarmi. Wata huɗu da kwana goma ba ta fita sai da larura, a daidai lokacin da ake neman takardar shaidar mutuwa, banki ya rufe asusun mamaci, masu fansho suna neman takardar kotu ta izinin kula da dukiya, makaranta tana neman kuɗin zango. Na san gidan da haƙƙin maigida ya shekara uku bai fito ba saboda an rubuta sunansa iri biyu a takardu biyu. Wannan baƙin cikin ba mutuwa ce ta kawo shi ba, ofis ne. A Birtaniya akwai wani tsari da sunansa ke nufin "faɗa mana sau ɗaya": ka sanar da rasuwa a wuri guda, su su sanar da ofishin fansho da na haraji da sauransu. Tun watan Afrilun 2020 kuma doka ta ba ma'aikacin da ɗansa ɗan ƙasa da shekara 18 ya rasu hutun mako biyu, har da wanda aka haifa babu rai bayan mako 24 na ciki. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai, don mu macen da ta haihu ɗan bai zo da rai ba, "Allah ya ba da mai amfani" kawai ake ce mata, wani lokaci ma a bar ta kwance a ɗaki ɗaya da masu jego suna shayarwa. Raba musu ɗaki ko sa labule ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Sai maƙabartu. Kanawa ba za su manta watan Afrilun 2020 ba. Waɗanda suka fara cewa mutuwa ta yi yawa ba ofis ba ne, masu haƙar kabari ne, don su ne ke ƙirga da hannunsu. Da aka tashi bincike babu rajistar da za a buɗa, sai da aka bi gidaje ana tambayar dangi yadda mamaci ya yi jinya. Ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Gwamnatin da ba ta san adadin matattunta da abin da ya kashe su ba, da me za ta auna maganin da za ta saya? Su kuwa dattawan nan da ke tsare maƙabarta, yawancinsu sadakar masu kai gawa ce abincinsu, katangu sun zube, damina tana cin kaburbura, masu fili suna matsowa. Littafin rajista da alawus na wata ga mai haƙar kabari, shi ne ƙididdiga mafi arha da jiha za ta iya samu.

Ina ganin wakilan ma'aikatar lafiya a sahun gaba, kuma na gode da suka zauna har yanzu. Ranku ya daɗe, ba na neman sabon gini. Ina neman a zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya. A tura ma'aikatan jinya biyu su yi horon, a tabbatar babban asibitin yankin yana da mofin na sha a kulle da rajistarsa, a ba su babur da mai, a ce wa masu unguwanni da limamai da fastoci su kawo sunayen masu kwanciya. A kan kowace takardar sallama ta wanda aka ce a koma da shi gida, a rubuta lambar wayar da ɗansa zai kira ƙarfe biyun dare a ɗauka. Bayan shekara a dawo ɗakin nan a gaya mana gida nawa aka shiga, da kuɗi nawa aka kashe, da kwalba nawa ta ɓata.

Shugaban taro ya ɗaga mini agogo tun ɗazu. Allah ya ji ƙan gwaggona da naku da suka riga mu. Wanda ke da tambaya, bismillah.